Filin Tambaya da Amsa: Ƙananan Katantanwar Teku da Ake Tsinta Cikin Yashi

Wasiƙu uku muka zaɓo wannan makon, dukkansu daga cikin garin Kaduna, kuma dukkansu sun taɓo katantanwa. Ta farko ce za ta ci mafi yawan filin, domin amsarta ita ce ginshiƙin sauran biyun.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malama ce mai koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a Tudun Wada. Ƙanena da ke aiki a Legas ya zo hutun Sallah, na roƙe shi ya ɗebo mini yashin bakin teku cikin gora, don in nuna wa ɗalibaina waɗanda yawancinsu ba su taɓa ganin teku ba. Da muka zuba yashin a faranti sai muka ga waɗansu 'yan mitsi-mitsin katantanwa, wasu ba su fi ƙwayar gero ba, wasu ma kamar acca. Ɗalibaina sun ce 'ya'yan manyan katantanwa ne da suka mutu tun suna ƙanana, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. Mene ne gaskiyar al'amarin, kuma ta yaya masana suke rarrabe irin waɗannan halittu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri bisa wannan ƙoƙari, domin ɗalibar da ta taɓa abu da hannunta ba ta cika mance shi ba. Shakkar da kika yi tana kan hanya. A cikin irin wannan yashi ana samun 'ya'yan manyan katantanwa, ba shakka, amma da yawa daga cikin abin da kuka gani baligai ne da suka gama girma, suka hayayyafa, suka mutu, alhali tsawonsu bai wuce na ƙwayar riɗi ba. Masana suna kiran duk wadda ɓawonta bai kai kimanin milimita 5 ba bayan ta balaga da sunan ƙaramar katantanwa, kuma akwai dangin da ake kira Omalogyridae waɗanda wasu daga cikinsu ko rabin milimita ba sa cikawa.

Yawansu ma ya wuce yadda ake zato. A shekarar 2002, Philippe Bouchet na gidan adana tarihin halittu da ke Paris, tare da abokan aikinsa, sun wallafa sakamakon binciken da suka yi a Koumac, wani yanki na tsibirin New Caledonia. A wannan wuri ɗaya tak sun tattara nau'i 2,738 na katantanwa da danginta, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku nasu ba su wuce milimita 4 ba ko kaɗan fiye da haka. Ke nan wanda ya tafi bakin teku yana tsintar manyan ɓawo masu sheƙi kawai, ya taka babban kaso na arzikin wurin da ƙafarsa bai sani ba.

Game da rarrabewa, tsarin yana kama da yadda muke jero asalin mutum, daga ƙabila zuwa zuriya zuwa gida. Babban rukunin shi ne Mollusca, wato halittu masu laushin jiki, wanda ya haɗa har da makankari da ake samu a kogunanmu. A ƙarƙashinsa akwai ajin Gastropoda, sunan da masanin Faransa Georges Cuvier ya raɗa a 1795 daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar ciki da ƙafa, saboda dabbar tana jan jiki a kan abin da yake kama da cikinta. Dodon koɗin da ke fitowa a lambunan bakin kogin Kaduna da damina ɗan wannan aji ne, haka ma na teku. Daga nan sai a sauko zuwa dangi, sai gida, sai nau'i. Kowane nau'i yana da suna mai kalma biyu, ta farko sunan gida, ta biyu sunansa na kansa, bisa tsarin da Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya kafa, wanda aka ɗauki bugun littafinsa na 1758 a matsayin mafarin sunayen dabbobi.

Yanzu sai mu zo ga ɓawon kansa, kuma a nan nake so ki daɗe da ɗalibanki. Dabbar ce take gina shi da wata fata mai laushi da ta lulluɓe jikinta, tana fitar da sinadarin nan da ke cikin ɓawon ƙwai da dutsen da ake yin siminti da shi, tana ƙara sabon gini a gefen baki kaɗan-kaɗan. Saboda haka tsinin da ke can sama shi ne mafi tsufa, bakin kuwa shi ne sabon gini, kuma wanda ya bi zagayen daga tsini zuwa baki yana karanta tarihin rayuwar dabbar ne a jere. Abin da masani yake fara dubawa shi ne yawan zagaye, da zurfin layin da ya haɗa zagaye da zagaye, da siffar baki, ko zagayayye ne ko mai tsawo, ko yana da ɗan indararo a ƙasansa. Sannan ya duba ginshiƙin tsakiya da zagayen suka naɗe a kai, ko sumul yake ko yana da ninki kamar haƙori, ya juya ƙasan ya ga ko akwai ɗan rami da ake kira cibiya. Sai kuma adon jiki, domin wasu suna da haƙarƙari daga sama zuwa ƙasa, wasu zare-zare da ke bin zagaye, wasu kuma biyun sun haɗu sun zama kamar saƙar taburma mai ɗigo-ɗigo.

Na taɓa zama da cokali ɗaya na irin wannan yashi a kan baƙin faranti, da gilashin ƙara girma a hannu, ina ture ƙwayoyin da tsinke. Abin da ya fara tsayar da ni wata 'yar aba ce mai kama da guntun taliya, fara, mai ɗan lanƙwasa, ba ta da alamar naɗi ko ɗaya, har na kusa ture ta cikin tarkace. Ashe katantanwa ce ta dangin Caecidae. Tana fara rayuwa da ɗan naɗaɗɗen ɓawo kamar sauran, amma da ta girma sai ta yar da tsohon sashen, ta toshe wurin da ya karye da ɗan bango, ta ci gaba da zama cikin bututun. Tun daga ranar ban ƙara yarda da kallon farko ba a wannan fanni.

Ki lura da ɓangaren da baki yake. Idan kika riƙe ɓawon tsininsa yana sama, bakin yana fuskantarki, a mafi yawan katantanwar duniya za ki ga bakin a hannun damanki. Dangin Triphoridae, waɗanda ke cin soson teku, galibinsu bahagwai ne, bakinsu yana hagu, kuma wannan alama kaɗai tana rage wa mai bincike aiki mai yawa. Dangin Eulimidae kuwa ɓawonsu santsi ne da shi da ƙyalli kamar tangaran, sau da yawa da ɗan karkata, kuma suna rayuwa ne manne a jikin tauraron teku, wata dabbar teku mai siffar tauraro, da makamantansa suna tsotsar ruwan jikinsu. Dangin Rissoidae suna cikin waɗanda aka fi cin karo da su a ciyayin ruwa mara zurfi, kuma da yawansu idan sun balaga leɓen bakinsu yakan yi kauri.

Wannan kaurin leɓe shi ne amsar gardamar ɗalibanki. Ɗan babbar katantanwa leɓensa siriri ne mai kaifi, zagayensa kaɗan ne, kuma ɓawon jarirtaka da ke tsininsa, wato ɓawon farko da ya fara rayuwa da shi, yakan ci babban kaso na tsawonsa. Baliga ƙarama kuwa zagayenta sun cika, adonta ya fito sosai, ɓawon jarirtakar ya zama ɗan ɗigo a sama. Ba kowane dangi ne ke kauranta leɓe ba, don haka a haɗa alamomin, kada a dogara da guda.

Shi wannan ɓawon jarirtaka, a ganina, ya fi kowane sashe ban sha'awa. Masanin Denmak Gunnar Thorson ya yi bayani a 1950 cewa siffarsa tana nuna yadda dabbar ta fara rayuwa. Idan siriri ne mai zagaye da yawa, jaririyar ta daɗe tana yawo a saman ruwa tana cin ƙananan tsirrai, kuma irin waɗannan sukan bazu zuwa ƙasashe masu nisa. Idan kumburarre ne mai zagaye ɗaya ko ɗaya da rabi, ta rayu ne da gwaiduwar ƙwanta, ba ta yi nisa da inda aka haife ta ba. A dangin Pyramidellidae abin ya fi haka ban mamaki, domin ɓawon jarirtakarsu yana naɗewa hagu, na girma kuma ya koma dama, shi ya sa tsinin yakan zauna a karkace kamar hular da aka kafa a gefen kai, ko ya nutse cikin zagayen farko.

Duk da haka, Malama, ɓawo shaida ce ta farko, ba shi ke yanke hukunci ba. Ki leƙa wurin masu sayar da kayan miyar Kudu a kasuwannin Kaduna, ki dubi 'yar doguwar katantanwar nan da mutanen Kalaba ke kira isam, wadda masana ke kira Tympanotonus fuscatus. Za ki iya samun mai ƙayoyi da kuma mai ɗigo-ɗigo marar ƙaya, har mutum ya rantse iri biyu ne, alhali nau'i ɗaya ne. Akasin haka ma yana faruwa, inda dangogi masu nisa suke ƙera ɓawo iri ɗaya. Saboda wannan ne masana suke ƙarawa da duban murfin da dabbar ke rufe bakinta da shi, da harshenta mai jerin haƙora kamar magagari, da tsarin kayan cikinta, sannan a zamanin nan da gwajin ƙwayoyin gado. Waɗannan bincike ne suka rushe tsohon tsarin raba ajin Gastropoda kashi uku da ke cikin tsofaffin littattafan makaranta, har Bouchet da Jean-Pierre Rocroi suka fitar da sabon tsari a 2005, aka sake gyara shi a 2017. A sabon tsarin, Pyramidellidae, waɗanda ba su da harshe mai haƙoran ma sam, sun fi kusa da dodon koɗin lambu a dangantaka fiye da yadda suke da Rissoidae da suke kwana cikin yashi ɗaya.

Shawarata ta aiki ita ce ki wanke yashin da ruwan famfo don gishirin ya fita, ki shanya a inuwa, ki tankaɗe da rariya mai laushi. A ɗauki ɓawon da jiƙaƙƙen bakin ɗan burushin zane, domin yatsa yana murƙushe shi. Kada lemon tsami ko wani abu mai tsami ya taɓa shi, zai narke. Kowane ƙunshi a rubuta masa inda aka ɗebo da ranar da aka ɗebo, domin ɓawon da ba a san asalinsa ba amfaninsa ga ilimi kaɗan ne. Idan kun kai ga gane dangi, kun yi babban aiki, saboda gane nau'i yakan buƙaci babbar na'urar ƙara girma da ƙwararre.

TAMBAYA: Ni tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Kakuri. Kakata ta bar mana wuri cike da ƙwarya. Shin shi ma katantanwa ne, ga shi kuwa ba shi da naɗi?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya jiƙan kaka. Wuri katantanwar teku ce ta dangin Cypraeidae, kuma yana da naɗi, ɓoye shi ya yi. Yana ƙarami ɓawonsa siriri ne mai tsini a fili, amma da ya balaga sai zagayen ƙarshe ya lulluɓe sauran, leɓen ya lanƙwashe ciki ya fitar da haƙoran nan da ake gani, fatar dabbar kuma ta riƙa rufe bayan tana goge shi, wanda shi ne asalin sheƙinsa. Idan akwai wanda bayansa ya fashe a cikin ƙwaryar, a leƙa ciki za a ga naɗin. Wanda ya fi shahara a ƙasar Hausa shi ne Monetaria moneta, da ake kwasowa daga tsibiran Maldives a tekun Indiya, daga baya aka shigo da ɗan'uwansa Monetaria annulus daga gaɓar Afirka ta Gabas. Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa wuri 2,500 ne ke daidai da dalar azurfa ɗaya. Har yau idan muka ce wuri na gugar wuri, wannan katantanwa muke ambata.

TAMBAYA: Gidanmu yana kusa da kogi a Kabala, kuma an ce katantanwa ce ke kawo tsargiya. Shin ta teku ma tana kawowa?

AMSA: Ɗan'uwa, busasshen ɓawon da aka ɗebo daga bakin teku ba ya ɗauke da tsargiya. Tsutsar da ke sa fitsarin jini tana girma ne a jikin katantanwar ruwan daɗi ta gidan Bulinus, wadda ke zama a tafkuna da kududdufai da gefen kogi inda ruwa ya lafa, daga nan ta fito ta huda fatar mai wanka ko wanki. Wadda ke kama hanji kuma tana bi ta gidan Biomphalaria, mai ɓawo shimfiɗaɗɗe kamar naɗaɗɗen faifai. Bulinus bahaguwa ce, bakinta yana hagu idan an ɗaga tsininta sama, sai dai akwai waɗansu bahagwan na ruwan daɗi da ba sa ɗauke da cutar, don haka kada a sa yara su shiga ruwa neman tantancewa. Duk yaron da aka ga jini a ƙarshen fitsarinsa a kai shi asibiti a gwada, akwai maganin praziquantel da ake bayarwa gwargwadon nauyin jikinsa ko tsawonsa.