Amsa ga mai tambaya kan hawan Dutsen Tebur na Kef Tawun

Salamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka: za ka Kef Tawun ta Afirka ta Kudu kwas a watan Janairu, yini ɗaya gare ka, ka hau Dutsen Tebur da ƙafa ko ka shiga motar da ke tafiya bisa igiya? Sau biyu na hau shi. Idan gwiwarka lafiya take, hau da ƙafa, ka sauko da motar.

Tsayinsa mita 1,086 ne, kuma teku na nan gindinsa. Hanyar da na bi ita ce Platteklip, wani tsagi a tsakiyar dutsen, inda Baturen Fotugal António de Saldanha ya bi a 1503. Matakalar duwatsu ce tun daga ƙasa har sama, inuwa kaɗan. Awa biyu da rabi na yi, ina hutawa ina haki. Mu da muka tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ba mu san wani hawa ba sai tudun da ake gangarawa gulbi, cinya ce ke fara kuka.

Ga inda na yi wauta. Janairu lokacin zafinsu ne, sa'ad da mu ke fama da hunturu. Na ce wanda ya sha ranar Afrilu a Sakkwato, wane zafi za a nuna mai? Na tafi da 'yar shara da gorar ruwa ɗaya. Zafin bai dame ni ba, gaskiya. Amma muna kaiwa sama iska ta taso daga kudu maso gabas, farin gajimare ya lulluɓe kan dutsen yana zubowa ta gefe kamar an shimfiɗa mayafi. Cikin 'yan mintoci na daina ganin abokin tafiyata, haƙorana na kaɗawa. Hazonmu ƙura ce. Wannan jiƙa mutum yake. Aka tsayar da motar saboda iska, dole muka sauko da ƙafa, kuma saukowar ta fi hawan cin gwiwa. Don haka ka ɗauki rigar sanyi ko da gari garau yake, ruwa lita biyu, ka fita bayan sallar asuba. Kada ka tafi kai kaɗai, akan yi ƙwace a wasu hanyoyin.

Zuwa na biyu ne na ga abin da ake faɗi. Saman a baje yake, kusan kilomita 3. Ba manyan itatuwa, sai gajerun tsirrai iri fiye da dubu, wasunsu babu su ko'ina a duniya. Ruwan da ke kwance a can launin shayi ne, saboda saiwoyi da ganyen da yake ratsawa. Ga rema birjik tana shan hantsi bisa duwatsu, ba ta gudun mutum. Masana sun ce danginta na kusa giwa ce. Ni dai har yau ina jinjina maganar. Kada ka ba ta abinci, tana cizo.

Ka tsaya ta gefen arewa ka duba cikin teku, za ka hangi tsibirin Robben, inda Mandela ya yi shekara 18 a tsare. Unguwar Musulmi ta Bo-Kaap kuwa tana can ƙasa, da masallacin Auwal na 1794. Can muka yi la'asar, ƙafafuna na rawa a ruku'u.