Ciwo ba na asibiti ne kawai ba

Malam, ka tambayi me ya sa ake cewa "ya san ciwon kansa" alhali mutum lafiyarsa ƙalau. Ai kalmar ciwo ta wuce rashin lafiya.

Na jiki dai kowa ya sani: ciwon kai, ciwon suga, ciwon naƙuda. Idan yaro ya faɗo daga keke ya ƙuje gwiwa, a ce ya ji ciwo. Gobe kuma wani ya bugi wurin, an fama masa ciwo. Jin da ke biyo baya shi ne zogi ko raɗaɗi.

Na zuci ya fi daɗewa. Ɗan'uwanka ya aurar da 'yarsa bai gaya maka ba, sai a bakin maƙwabta ka ji, dole abin ya yi maka ciwo, ko da ba ka furta ba.

Shi kuwa sanin ciwo, kula ce da darajar abu. Saurayin da ya san ciwon kansa ya daina zaman majalisa, ya kama sana'a. Wanda bai san ciwon kuɗi ba, galibi ba guminsa ba ne, shi ya sa yake watsa su a wurin biki.