Amsar tambayarka kan inda za ku kafa gidan abinci a Kano

Assalamu alaikum, ɗana.

Saƙonka ya same ni ranar Talata bayan la'asar, na karanta har sau biyu. Ka ce kamfanin da kake wa aiki, mai rassa a Legas da Abuja, ya ɗora maka neman inda za a buɗe reshen Kano, kuma wurare uku ne a hannunka: ɗaya a cikin gari tsakanin Ƙofar Mata da Asibitin Murtala, ɗaya a bakin Kantin Kwari ta titin Ibrahim Taiwo, ɗaya a titin gidan Zoo. Kun sa yara sun ƙirga masu wucewa, na cikin gari ya fi kowanne jama'a, har shugabanninka sun ƙwallafa rai a kansa. Sai mahaifiyarka ta ce kada ka kuskura, ba a cin abinci a idon unguwa. Kana tambaya ko wannan al'ada ce ta gaske ko tsoron tsofaffi ne, sannan ko dole ne ka je gaida mai unguwa tunda kuna da takardun gwamnati.

Mahaifiyarka ta yi gaskiya, sai dai ta gajarta maka. Ni zan tsawaita, domin ka samu abin da za ka faɗa wa mutanen da suka aiko ka.

Yadda muka taso, abinci ne yake zuwa wurin mutum. Magidanci ba ya tashi ya je wurin abinci a gaban jama'arsa. Da magariba ta wuce, a ƙofar gidan kakanka a kan shimfiɗa tabarma, maza biyar ko shida na layin su zauna, kowane gida a fito da akushi. Na wannan gida tuwon dawa da miyar kuka, na wancan biski, na wancan ɗan wake. A buɗe ɗaya a cinye, a jawo na gaba. Wannan ita ce ciyayya. Wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ran nan zai ci ya ƙoshi, babu wanda zai gane, ko an gane ba za a faɗa ba. To ka ga mutumin da aka gani zaune a rumfar mai abinci a unguwarsu, abu biyu za a ɗauka: ko gidansa babu lafiya tsakaninsa da iyali, ko kuwa marowaci ne da ya fi son ya ci shi kaɗai. Duka biyun babu mai son a jingina masa. Ga kuma kunyar suruki. Mutum zai yarda ya wuni da yunwa da dai a ce surukinsa ya wuce ya gan shi da loma a baki.

Ba wai ba a sayar da abinci a birni ba. Ana sayarwa, sosai ma. Mata na dafawa a cikin gida, yara su fita talla da ƙosai da waina da alala da dambu, masu gurasa su zagaya, 'yan fura su zauna a inuwa. Amma duba da kyau, duk tafiya suke yi su sami mai ci a inda yake, a zaurensa ko a rumfarsa. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma fatake daga Borno da Agadas da Gwanja suna sauka a cikinta. Su ma ba a rumfar abinci suke ci ba. Kowane baƙo yana da mai masauki, shi ne zai ba shi ɗaki, ya ciyar da shi daga cikin gidansa, ya haɗa shi da masu saye, ya karɓi la'adarsa. Ciyar da baƙo na cikin cinikin.

Rumfar da ake zama a ci ta yi ƙarfi ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari, ma'aikatan jirgi da akawuna da leburori suka cika wajen ganuwa. Waɗannan mutane ne da ba su da gidan da zai aiko musu da kwano. Shi ya sa har gobe za ka tarar masu abincin zama sun fi yawa a Sabon Gari da Fagge da bakin tasha irin ta Unguwa Uku da bakin asibiti. Cinikinsu na baƙo ne da matafiyi da tuzuru da mai jinya. Irin gidan abincin da kuke yi kuwa haifaffen Legas ne. Kamfanin UAC ya buɗe gidan abincinsa na Mr Bigg's na farko a unguwar Marina a 1986, a tsakiyar ofisoshi, inda ma'aikaci ya baro gida tun asuba kuma ba zai koma ba sai dare. A can ƙirga ƙafafu yana da amfani, don duk ƙafar da ta wuce mai yunwa ce da ba ta da wanda ya san ta. A cikin garin Kano rabin masu wucewa gidajensu na nan bayan layi, sauran kuma suna da ɗan'uwa a kusa.

Ba ji na yi ba, da kuɗina na koya. A shekarun 1990, lokacin ina tsakiyar ƙarfina a Kwari, ni da wani abokina muka haɗa jari muka buɗe gidan abinci a bakin titin unguwarmu. Muka zuba kujeru, muka sa gilashi tun daga sama har ƙasa don a riƙa hango tsabtar wurin, muka ɗauko mai girki da ta iya shinkafa da miyar kaji. Na kan zauna a ciki da rana ina kallon titi. Mutum zai taho, ya rage tafiya, ƙamshi ya dake shi, ya kalli gilashin, ya hango wani da ya sani a tsallake, sai ya ɗaga mini hannu ya ce "Alhaji, Allah ya kawo kasuwa," ya wuce. Bayan minti goma sai ga ɗansa ta ƙofar baya da kwanon silba da kuɗi a dunƙule a hannu: "Wai in ji Baba a zuba na naira kaza, a rufe." Kujerun nan ƙura kawai suke sha, ƙofar baya kuwa layi. Da mun gane da wuri da mun rufe gaban mun faɗaɗa madafa, mun rage haya. Ba mu gane ba sai da jarin ya karye, kafin shekara biyu muka sayar da kujerun.

Na san zamani ya juya, ba na musu. Jikokina suna fita cin abinci, kuma ban ga laifinsu ba. Saurayi yana kai budurwa, magidanci yana kwasar iyali ranar Sallah ko daren Asabar, mata suna haɗuwa su ci su yi hira. Sai dai ka lura da inda suke zuwa. Ba sa ci a unguwarsu. Suna shiga mota ko adaidaita sahu su tafi titin Zoo, ko Nasarawa wajen titin Audu Baƙo, ko Bompai, inda kawu da suruki ba sa wucewa a ƙafa. Kunyar tana nan, nisa kawai aka sa mata. Tun da aka buɗe Ado Bayero Mall a 2014 titin Zoo ya ƙara zama wurin fita, mutum ya saba da cewa can ake zuwa a ci a sha. In gidan zama kuke so, mai kujeru da na'urar sanyi, can ya dace, muddin akwai wadataccen filin ajiye mota, don wanda hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta KAROTA ta taɓa kama wa mota a ƙofarku ba zai sake dawowa ba. Ku ware sashen iyali, a sama in da hali. Ku yi wurin alwala da ɗan masallaci, domin cinikinku tsakanin magariba da bayan isha'i yake, kuma wanda ya fita neman masallaci da wuya ya dawo. Gilashin gaba kuma a rage shi, ko a sa mai duhu.

Na Kwari kada ka yar da shi, amma ba kujeru yake so ba. Ka je da azahar ka tsaya. Za ka ga kuloli suna shigowa daga gidaje a kan babur da kan yara, a kai su shago shago. Mai shago zai ture dilar atamfa gefe, a shimfiɗa tabarma, shi da yaransa da dillali da baƙon da ya zo sari daga Maraɗi ko Anjamena su kewaye tire ɗaya. Ba zai bar shago ya hau bene ya zauna shi kaɗai da cokali mai yatsu ba, ciniki na iya zuwa a minti biyar ɗin nan. In kuna son kuɗin Kwari, ku kama ƙaramin wuri, madafa da kanta, ku ɗauki samari masu kai wa, ku yi tire na mutum huɗu ko shida maimakon ɗan kwalin mutum ɗaya. Kuma ku sani kasuwar na watsewa kafin magariba, ga watan azumi da babu cinikin rana gaba ɗaya. Kada ka biya haya sai ka tambayi maƙwabta inda ruwa yake kaiwa da damina. A watan Agustan 2022 ruwa ya shiga Kwari ya lalata dukiya mai yawa, wanda ya ga wurin da rani ba zai taɓa zato ba. Ka duba ma ko akwai maganar gada ko raba titi a gaban wurin. Mun ga shagunan da suke cike da jama'a, da aka ɗora gadar sama motoci suka koma wucewa ta kansu.

Sai maganar mai unguwa. Takardar KNUPDA, hukumar tsara birni ta Kano, da ta ma'aikatan lafiya hakkin hukuma ne, ku cika su tsaf. Amma takarda ba ta sa maƙwabci ya yafe maka ƙarar janareta da tsakar dare, ko hayaƙin suya da ke shiga tsakar gidansa, ko ruwan wanke-wanke da ke kwanciya a ƙofarsa. Ranar da rigima ta tashi, gaban mai unguwa za a fara kai ka, daga nan dagaci, daga nan hakimi, kuma abin da za a fara tambaya shi ne, da zai zo ya yi sallama? Gaisuwar nan ba cin hanci ba ce, kada ka bari a rubuta ta haka a littafin kamfani. Neman izinin zama ne. Ana zuwa da babba, ba a aika yaro, zuwa da kai ya fi aike. A riƙe goro da turare, a faɗi abin da za a yi da lokacin buɗewa da rufewa, a saurari abin da za su ce. Daga nan a gaida limamin masallacin layin. In a kasuwa ne, shugabannin 'yan kasuwar. Za su roƙe ka ka ɗauki yaran unguwa aiki, ka ɗauka, su ne masu gadinka na gaskiya. Dillalin da ya nuna maka wuri a ba shi la'adarsa cikakkiya ko da kamfani yana da lauya, don bakinsa yana zagaya gari fiye da tallan rediyo.

Akwai abu biyu da suka fi damuna, ina so ka kai su gaban shugabanninka da bakinka. Duk inda kuka zaɓa, za ku tarar da wata a wurin, mai waina ko mai ƙosai ko mai awara, wadda ta yi shekaru tana ciyar da marayu da wannan kaskon. Kada a sa masu gadi su kore ta don a gyara gaban gini. Ba ta cin kasuwarku, mai cin wainar naira ɗari biyu ba shi ne mai sayen kazarku ba. In ta tare ƙofa, a yi mata rumfa a gefe. Unguwa na kallon yadda za ku yi da ita, kuma da wannan za su auna ku. Na biyu, na ji ana cewa irin waɗannan kamfanoni suna zubar da abin da ya rage da dare. A garin da almajiri ke tsaye da roba a bakin ƙofa, wannan ba zai yi muku albarka ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abu Zarri in ya yi romo ya yawaita ruwansa ya tuna da maƙwabtansa. Ku tsara yadda za a riƙa fitar da ragowar da tsabta tun tana da kyau, a kai tsangayar da ke kusa ko a ba masu jinya.

Za kuma a tambaye ku wa yake yanka kajin. Ba sau ɗaya ba, kullum. Ku tanadi amsar da za ku iya nunawa, mahauci sananne na gari wanda in an ambace shi za a ce an san shi. In jita-jita ta riga ku fita a kan wannan, babu kyawun wurin da zai cece ku.

Na cikin gari dai ka cire shi daga lissafin gidan zama. Jama'ar da kuka ƙirga masu zuwa dubiya ne da masu shiga Kurmi da Rimi da 'yan unguwa, ga cunkoso, ga babu wurin tsayawar mota, ranar Juma'a da ranakun hawan Sallah kuma hanyoyin wajen sai a hankali. In sun nace, to taga ce ta saye a tafi, da farashin mai jinya.

Ka ce za ka shigo ranar Alhamis. Ka sauka a nan gida, kada ka kama otal. Da safe mu je titin Zoo tare, in ga wurin da idona, mu tsaya har bayan isha'i mu ga su wa ke wucewa da kuma ta wane hannu motoci suke tsayawa. Asabar sai mu nemi mai unguwar. Goron ni zan saya, na san mai kyau. Ka taho da babbar riga.

Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata na ji saƙonta na maganin ƙafa. A shafa mini kan yara.

Kawunka.