SSD ta cika: in sayi babba ko in share?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi laptop ta hannu a Beirut Road mai SSD (ma'ajiyar fayiloli) 128GB, na sa mata Ubuntu, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, don karatuna. Yanzu wuri ya kusa ƙarewa. Kuma duk sanda na sa wata manhaja sai ta jero min wasu sunaye, wai ba a buƙatarsu, in rubuta sudo apt autoremove. Tsoro nake ji kar in ɓata ta. Ko in haƙura in sayi mai 256GB? Daga wani ɗalibi a Kabuga.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna.

Manhaja ba ta zuwa ita kaɗai. Kamar amarya take, da 'yan rakiyarta. Idan ka ce wa apt, mai sa manhajoji da cire su a Ubuntu, ta kawo maka VLC, sai ta haɗo da ƙananan fayilolin da VLC ke dogaro da su, ta kuma rubuta a littafinta: wannan kai ka nema, waɗannan kuwa rakiya suka yi. Ranar da ka cire VLC, amarya ta tafi, 'yan rakiya suna nan zaune a ɗaki. Su ne autoremove ke sallama, muddin babu wata manhajar da ke riƙe da su. Tsofaffin kernel, wato zuciyar tsarin Ubuntu, su ma tana kwashe su, kuma su ne masu cin wuri sosai, amma ba ta taɓa wanda kake kai a yanzu.

Sai dai in ta nemi amincewarka, kar ka danna Y ido rufe. Littafin nan ba ya sanin abin da kake so, abin da ka nema kawai ya sani. Wata manhajar rakiya ta yi, kai kuma ka saba da ita. Fara rubuta apt -s autoremove, za ta nuna abin da za ta cire ba tare da ta cire ba. Karanta jerin a tsanake. In ka ga abin da kake amfani da shi, yi sudo apt-mark manual sannan sunansa, shi ke nan ya zama ɗan gida. In kuwa ka ga sunaye masu gnome ko xorg (su ke nuna maka komai a allo) sun yi layi, dakata, ka nuna wa wanda ya sani. Ni kaina na taɓa yin garaje, na wayi gari da baƙin allo, data ta ta intanet ta sha wuya kafin na maido da komai.

Bayan nan yi sudo apt clean, ta zubar da tsofaffin fayilolin manhajoji da apt ta sauko da su. Ka tabbata akwai caji kafin ka fara, kar a ɗauke wuta aiki na tsaka. Manhajojin Snap (wata hanyar sa manhaja ce daban da apt), irin su Firefox na Ubuntu, ba ruwan autoremove da su.

Sannan rubuta df -h, ka ga yawan wurin da ya cika. In har yanzu ya wuce kashi 90, to wataƙila bidiyoyinka ne da hotuna suka cika ta. A nan ne maganar komawa Beirut Road za ta taso, kuma in za ka saya, tambayi farashin 512GB kafin ka tsaya a 256GB.