Sabon mawaƙi da jita: sai hannu ya faɗa?

Ɗan'uwa, ka ce yatsunka na zafi, kana tambaya ko ka jira sai ka ƙware a jita kafin ka fara tsara waƙa. Kada ka jira. Zafin na tsirkiyar ƙarfe ne. Ka daure minti 15 kullum, bakin yatsun zai yi kanta. In ya gagara, jita mai tsirkiyar nailon ta fi taushi.

Haɗin sauti (wato tsirkiyoyin da ake dannawa a kaɗa su tare) guda uku, waɗanda ake kira G, C da D, sun ishe ka ɗora baiti da amshi. Irin wannan waƙa ai murya da labari ne jarinta, jitar rakiya kawai take yi. Ni dai duk karin da ya faɗo mini, ko da tsakar dare, nakan naɗe shi a waya, don kafin gari ya waye ya gudu.