Ka fara jefa shi a kofin ruwa kafin ka aika Sikotilan

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai da na idar da sallar asuba sannan na zauna, don maganar tana son natsuwa. Ka ce kana ɗaure ƙwaron fatsa, wato ƙwaron bogi da ake haɗawa a jikin ƙugiya don yaudarar kifi, da gashin zabo da na zakara a ɗakinka a Gwammaja, a YouTube ka koya, ka aika wa yayanka da ke karatu a Abadin ta Sikotilan guda 24, ya je kogi sau huɗu neman kifin tirawut bai ciro ko ɗaya ba, alhali mutumin da ke gefensa yana ta kamawa. Kana so ka san ko samfurin ne bai yi ba, ko kayan haɗin. Na daɗe ina kallon hotunan da ka ɗora. Hannunka na da tsafta, wallahi, ɗaurin ya yi kyau a ido. Amma ina da tabbacin babu ko ɗaya a cikinsu da ka taɓa jiƙawa.

Ni ma ta nan na bi. Aiki ya kai ni Nanyuki a ƙasar Kenya na yi shekara uku, a gindin Dutsen Kenya, inda ƙoramu masu sanyi irin su Burguret da Naro Moru ke gangarowa. Turawan mulkin mallaka ne suka kai tirawut ƙasar a farkon ƙarni na 20, kuma har yau akwai masu cin abinci da ɗaure ƙwaron nan ana fitarwa Turai da Amurka. Wani dattijo daga cikinsu ne ya koya mini. Ranar da na kai masa na farko da na ɗaure, ja da ɗorawa, na cika shi da gashi har ƙugiyar ta ɓuya, bai tsaya juya shi a hannu ba. Ya ɗebo ruwa a kofin gilashi, ya jefa shi ciki, ya ɗaga kofin sama da kaina ya ce in leƙa ta ƙasa. Abin da na gani dunƙule ne kawai, gashin ya manne wuri guda kamar jiƙaƙƙiyar auduga, ya kwanta a gefe, jan launin yana zuba a ruwan. Sai ya jefa nasa, siriri, zare da ɗan gashi zagaye biyu. Gashin nan ya buɗe, yana motsi da kansa duk lokacin da kofin ya girgiza. Kifi ta ƙasa yake kallo, kuma a jiƙe yake ganin abin.

To mu dawo kan naka. Matsala ta farko gashin zakara ne. Ƙwaro iri biyu ne a taƙaice: mai tsayawa a saman ruwa, da mai nutsewa. Wanda ka kwaikwaya a hoto na biyu, Adams, na sama ne. Leonard Halladay ya ƙirƙiro shi a Mishigan a 1922, kuma har yanzu yana kama kifi, don haka samfurin ba shi da laifi. Abin da ke riƙe shi a sama shi ne gashin wuyan zakara mai tauri da sheƙi, wanda tsinkayensa ke tsayawa daban-daban kamar ƙafafun ƙwaro. Zakarun da ake samun wannan gashi a jikinsu kiwonsu ake yi musamman saboda shi, shekara da shekaru ana zaɓen iri. Zakaranmu na gida yawancin gashinsa mai laushi ne, tsinkayen a haɗe suke kusa da kara, kuma sun yi tsawo. Yana shan ruwa nan take. Sai ka samu ƙwaro wanda bai tsaya a sama ba, bai kuma nutse yadda ya kamata ba, yana rataye a tsakani a karkace. Tirawut zai taso, ya duba, ya juya.

Na kuma san inda ka samo gashin, tunda duk ya lanƙwashe: wurin masu figar kaji a kasuwa. Su a ruwan zafi suke tsoma kaza kafin su fige, zafin kuwa yana kashe gashin. Ka roƙi a cire maka a bushe kafin a tsoma, ka ba yaron wani abu. In ka zo gida ka wanke da sabulu mara ƙamshi, ka shanya a inuwa, ka ƙulle a leda ka sa a firiza kwana biyu uku saboda ƙwarin da ke cin gashi. Kada ka zuba kafur a ciki. Haka nan turare. Mu mutanen Kano ba ma rabuwa da turaren mai a hannu, kifi kuwa hancinsa ya fi yadda muke zato. Ni sai na wanke hannu nake zama kan teburin ɗauri.

Gashin zabo kuwa kada ka raina shi. Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya ganta, kuma zanen nan ne masu ɗauri a Turai ke biyan kuɗi su saya. Kuskuren da ka yi shi ne wurin da ka sa shi da yawan da ka sa. Gashi ne na ƙwaron ƙasa, wanda ake so ya yi laushi ya yi numfashi a cikin ruwa. Ka zaɓi ƙananan na wuya da ƙirji, ka zare tsinkayen gefe guda ka yar, ka naɗa zagaye ɗaya da rabi, iyaka biyu. Kai ka naɗa biyar ko shida. Akwai tsohon samfurin arewacin Ingila, Partridge and Orange, wanda ba komai ba ne illa zaren siliki ruwan lemo a jikin ƙugiya da gashin wani tsuntsu ɗan'uwan fakara a wuya. In ka samu gashin fakara wurin maharba, ka samu kusan abin da ake nema. In za ka iya karanta rubutu ta cikin gashin da ka naɗa, ka yi daidai. Hannu yana so ya ƙara, ka hana shi.

Sai ƙugiya. Wadda ake sayarwa a nan ta tarwaɗa ce, kauri gare ta, ga nauyi, ga saurin tsatsa. A lambar ƙugiya, in lamba ta hau, ƙugiya ƙanƙancewa take yi. Naka na gani kamar lamba 6 ko 8, alhali ƙwarin da tirawut ke ci a kogi yawancinsu lamba 14 ko 16 ne ke daidai da su, wato abin da bai kai faɗin farcenka ba. Wannan kaɗai ya isa ya hana yayanka kamu. Nan ne kawai zan ce ka kashe kuɗi: ya sayo maka ƙugiyoyi a can ya aiko. Kuma ka lura da jikin da kake yi, ya yi ƙiba har ya cike tsakanin kara da tsinin ƙugiyar. Ko kifi ya cafka, babu inda za ta kama.

Zaren ɗinki na auduga ka bar shi, yana kumbura kan ƙwaro kuma yana ruɓewa. Siririn zaren roba ko na aikin hula ya fi, sai dai ka tuna launinsa yana duhu in ya jiƙe, saboda haka a jiƙe za ka zaɓi launi. Gashin da ka rina da garin rini na kasuwa ka jiƙa shi kwana guda, ka matse a farin ƙyalle; in ya bar tabo, a kogi ma zuba zai yi. Gam kuma ɗigo ɗaya a bakin allura ya isa. A hoto na uku ya toshe idon ƙugiyar, ya bi gashin ya sandare.

Wancan baƙin mai jela, Woolly Bugger, shi ne ya fi kusa da kama kifi a cikin duka. Russell Blessing ya fito da shi a Fensilbeniya a 1967. Jelarsa da gashi mai taushi ake yi, wanda asali na babba-da-jaka ne, yanzu kuma na talo-talo ake amfani da shi, kuma talo-talo ba ya wuya a Kano. Jelar taka ta ninka ƙugiya biyu, kifi zai riƙa cizon jela yana tafiya. Ka daidaita ta da tsawon karan ƙugiya, kuma da farce ake tsinke ta, almakashi na mayar da bakinta kamar tsintsiya. Dutsen adon da ka sa a kai na roba ne, ba ya nutsar da komai. Ana sa na tagulla, ko na tangistin, wani ƙarfe da ya ninka shi nauyi har da ƙari, domin akasarin abincin tirawut a ƙasa yake, tsutsotsin ƙwari da ke manne a duwatsu. In ba ka da su, je wurin masu naɗa koyil ɗin fanka ka karɓo siririyar wayar jan ƙarfe. Frank Sawyer, mai kula da kogin Ebon a Ingila, da irin wannan waya da tsinkayen jelar tsuntsu kawai ya ɗaure Pheasant Tail, ko zare bai sa ba, kuma yau da wuya ka buɗe akwatin mai fatsar tirawut ba ka gan shi ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Duk da haka ba zan ɗora maka laifin kaf ba, yayanka ma da nasa kason. Ko ƙwaron ya yi daidai, in igiya ta ja shi ya riƙa keta ruwa saɓanin yadda ruwan ke tafiya, kifi zai ƙi. In zaren ƙarshen igiyar, wanda ake ɗaura ƙwaron a jikinsa, ya yi kauri, zai ƙi. In ya tsaya ƙiƙam a bakin gaɓa inuwarsa ta faɗa ruwa, ya kori na kusa. Yayan naka yana kusa da kogin Don, wanda ya yi suna da tirawut, kuma lokacin kamun a Sikotilan daga 15 ga Maris ne zuwa 6 ga Oktoba, da takardar izini. Ka ce masa in ya koma, kafin ya jefa komai, ya ɗago duwatsu biyu uku daga cikin ruwan, ya ɗauki hoton abin da ke rarrafe a ƙasansu tare da tsinken ashana a gefe don ka gane girma. Ya kuma gaida wancan mutumin ya tambaye shi me ya ɗaura. Daga Gwammaja ba za ka iya sanin abin da ke ƙyanƙyashewa a Don a watan Mayu ba, sai an nuna maka.

Tirawut ba zai rayu a ruwanmu ba, kifin sanyi ne, in zafin ruwa ya haura digiri 20 ya fara wahala. Amma muna da inda za ka gwada hannunka. A Tiga, farkon damina, washegarin ruwan sama in shinge ya fito ya zuba a kan ruwa, kawara na tasowa tana cafka a sama, ƙarfasa ma takan taɓa. Na ɗaure shinge da jiki ruwan ƙasa da fukafukai biyu na farin gashin kaza, na tsaya kusa da wasu masunta suna gyaran koma suna kallona. Jifa na uku kawara ta ɗauke shi, wani tsoho a cikinsu ya karɓa ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Ashe gashi ne." Tsage kuwa kada ka ba shi wanda ka sha wahala a kansa, haƙoransa sukan yanke zare su tafi da shi.

Abin da zan so ka yi a makon nan: ka ware guda shida daga cikin waɗanda suka rage, ka yanke su da reza ka ceci ƙugiyoyin, ka sake ɗaure Woolly Bugger biyu da gajeriyar jela da waya a ciki, da huɗu na gashin zabo zagaye biyu. Kowanne ka jefa a kofin gilashi ka leƙa ta ƙasa, sannan ka ɗaura shi a zare ka ja shi a baho ka ga ko yana juyawa. Ka ɗoro hotunansu a jiƙe. Ina da ragowar ƙugiya lamba 14 kusan ashirin da na zo da su daga Kenya, in ka shirya ka yi mini magana mu haɗu bayan sallar Juma'a in ba ka.