Shin Ƙwaya Tana Ƙara wa Mawaƙi Basira?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni matashi ne ɗan shekara 23, ina waƙa a Kano, bana shekarata uku a harkar. Tun da na fara shiga situdiyo nake jin abokan sana'a na cewa waƙa ba ta sauka sai an caja kai. Wasu wiwi, wasu kodin, wasu tiramol idan za a kwana ana aiki. Da na musa sai su kawo mini Bob Marley da Fela, su ce duk manyan duniya da ɗan wani abu suka yi abin da suka yi. Ba zan ɓoye maka ba, na sha wiwi sau da dama, kuma na ji baituka suna zubo mini, kunyar da nake ji a gaban makirifo ta tafi. Ba wa'azi nake nema ba, wannan na sha shi a gida. A likitance nake son sani: shin da gaske ƙwaya tana gyara mawaƙi da waƙarsa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Na ji daɗi da ba ka ɓoye mini komai ba, ni ma ba zan yi maka rufa-rufa ba. Abin da ka ji lokacin da ka sha wiwi ba ƙarya ba ne. Kunya ta ragu, kiɗan ya ƙara daɗi a kunnenka, baituka sun yi ta zuwa. Duk wannan ya faru. Inda gizo ke saƙar shi ne, abin da wiwin ya canza ba waƙar ba ce, alƙalin da ke cikin kanka ne, wanda ke yanke hukuncin ko waƙar ta yi ko ba ta yi ba.

An gwada wannan a bincike. A 2022 wasu masana uku daga jami'o'in Amurka da Singafo sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da masu shan wiwi. An ba su aikin ƙirƙiro sababbin dabaru, wasu jim kaɗan bayan sun sha, wasu kuma ba su sha komai ba. Sannan aka miƙa amsoshin ga wasu mutane daban da ba su san wa ya sha wa bai sha ba, aka ce su auna. Waɗanda suka sha sun ba kansu maki mai yawa, har ma dabarun wasu sun riƙa burge su fiye da kima. Amma alƙalan waje ba su ga wani fifiko a aikinsu ba. Kafin nan, a 2015, masana a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan sun gano cewa ɗan ƙaramin adadi na sinadarin da ke bugarwa a wiwi bai ƙara ƙirƙira ba, mai ƙarfi kuwa rage ta ya yi, alhali a kan mutanen da suka saba sha aka yi gwajin.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kayan maye suna taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai raba lada, wanda ke sakin sinadarin dofamin idan mutum ya ci abinci mai daɗi ko ya ji kiɗan da ya ratsa shi. Idan an buɗe wannan famfo da ƙarfin tsiya, komai sai ya zama abin yabo. Baitin da da rana tsaka za ka goge shi, cikin maye sai ka ji kamar ba a taɓa yin irinsa ba. Ga shi kuma wiwi yana raunana riƙon abin da aka ji yanzu-yanzu, yana kuma jirkita yadda mutum ke auna lokaci. Ka duba sana'arka: me ya fi riƙe baiti da faɗawa daidai kan kiɗa muhimmanci?

Don adalci, akwai binciken da ya ɗan ba abokanka hujja. A 2012 an yi wani ƙaramin gwaji a Chicago inda waɗanda suka ɗan sha barasa suka fi saurin warware wani nau'in kacici-kacicin kalmomi. Sakin jiki yana sa tunani ya yi yawo, wannan gaskiya ne. Amma waƙa ba kacici-kacici ɗaya ba ce. Samun fikira ɗan ƙaramin yanki ne na aikin. Sauran shi ne zaɓe da gogewa, da maimaita ɗora murya sau goma ko ashirin, da sauraro da kunnen da ba ya yi wa mai shi kara. A wannan dogon aikin barasa ba ta da abin bayarwa sai rawar hannu da nauyin harshe.

Bari in ba ka labarin mutanen da suka biya kuɗin wannan tambaya taka da rayukansu tun kafin a haifi iyayenmu. A Amurka, a shekarun 1940, akwai wani mai busa saksofon, Charlie Parker, wanda ya sauya kiɗan jaz gaba ɗaya. Kowa ya san yana allurar hiroyin, wadda 'yar gida ɗaya ce da kodin, duka daga zuriyar ofiyom suke. Sai matasan makaɗa suka ɗauka sirrin yana cikin allurar, suka bi shi rututu. Wani masani ɗan Ingila, Geoffrey Wills, ya bi tarihin fitattun makaɗan jaz 40 na wancan zamani, ya wallafa a 2003 cewa sama da rabinsu sun kamu da hiroyin a wani lokaci na rayuwarsu. Abin da masu kwaikwayon ba su kwaikwaya ba shi ne abin da Parker ya faɗa da bakinsa a wata hira: ya yi shekara uku zuwa huɗu yana atisaye na awa 11 zuwa 15 kullum. Kuma shi da kansa ya ce duk makaɗin da ya ce ya fi iya busa idan ya sha wiwi ko barasa ko ya yi allura, maƙaryaci ne kawai.

A 1946 a Los Angeles ya rasa hiroyin, ya cika cikinsa da barasa ya shiga situdiyo, da ƙyar yake iya tsayuwa. An naɗi busar, aka fitar da ita kasuwa, shi kuwa bai taɓa yafe wannan fitarwa ba. A daren ne gobara ta tashi a ɗakinsa na otal, aka kama shi, ya yi wata shida a asibitin ƙwaƙwalwa. Ya rasu a 1955 yana da shekara 34. Likitan da ya duba gawarsa ya ƙiyasta cewa mamacin ya kai shekara 50 zuwa 60. Duk lokacin da na tuna wannan ƙiyasi sai jikina ya yi sanyi, domin irin waɗannan fuskoki nake gani a ɗakin duba marasa lafiya, yaro ɗan ashirin da ɗoriya amma idonsa na dattijo.

Sai ka kwatanta da wani mai busa saksofon ɗin, John Coltrane. A 1957 Miles Davis, wani fitaccen makaɗin jaz, ya kore shi daga ƙungiyarsa saboda hiroyin da barasa sun sa yana gyangyaɗi a kan dandamali. Ya koma gida Philadelphia, ya rufe kansa a ɗaki, ya bar su. Faya-fayan da suka sa duniya ke ambatonsa har gobe duk bayan wannan shekara suka fito. Shi ma Miles Davis ya rabu da hiroyin a wajen 1954, kuma faifansa mafi shahara a 1959 ya fito. Da a ce ƙwayar ce ke busa, ai da busar ta mutu ranar da aka bar ta.

To, Marley da Fela fa? Babu mai musun sun sha wiwi a fili. Amma abokanka sun ɗauki abin da ya fi sauƙin ɗauka ne, suka bar mai nauyin. Marley tun yana saurayi yake zama a farfajiyar wani mawaƙi, Joe Higgs, a unguwar Trench Town ta Kingston, ana koya musu haɗa murya da riƙon numfashi. Fela ya tafi Landan a 1958 ya karanci kiɗa a Trinity College, kuma makaɗansa sun shaida irin tsananin da yake yi wajen atisaye. Ka lissafa masu zuƙar wiwi a Kingston da Legas a wancan lokaci, dubbai ne kan dubbai. Marley nawa suka fito a cikinsu? Fela nawa? Muna jin labarin wanda ya shahara duk da yana sha, amma wanda shan ya cinye tun bai fitar da waƙa ko ɗaya ba, babu mai rubuta tarihinsa. Shi ya sa lissafin ke fitowa a karkace.

Zan yarda da abu ɗaya: kayan maye sun sha sauya launin kiɗa. A birnin Houston na Amurka, a shekarun 1990, wani mai haɗa kiɗa da ake kira DJ Screw ya ƙirƙiro salon jan waƙa a hankali, murya ta yi nauyi kamar ta mai magagin barci, kuma an daɗe ana danganta salon da shan kodin. Salon ya bazu, ya yi tasiri a gambarar zamani. Amma sauya launi daban, ƙara inganci daban. Shi DJ Screw ya rasu a 2000 yana da shekara 29, kuma an samu kodin da ya wuce kima a jininsa. Wani mawaƙin gambara na Amurka, Juice WRLD, ya bi bayansa a 2019 yana ɗan shekara 21, da kodin da wata ƙwaya 'yar uwarsa. Wani bincike da aka wallafa a 2011 a kan mawaƙa 1,046 da faifansu ya taɓa zama na ɗaya a Birtaniya ya ƙaryata camfin nan na cewa shekara 27 ce ke kashe mawaƙa, amma ya gano abin da ya fi camfin muni: haɗarin mutuwarsu a shekarun ashirin da talatin ya ninka na sauran jama'a sau biyu zuwa uku.

Na tsaya a kan kodin ne saboda shi ne namu. Ka tuna a 2018, bayan rahoton binciken BBC, gwamnatin Najeriya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, kuma Kano na cikin wuraren da rahoton ya fi haskawa. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda ta fito a farkon 2019, ta nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye a cikin shekara guda. Hanta tana mayar da wani kaso na kodin ya zama mofin, ɗan uwan hiroyin, shi kuma rage numfashi yake yi, ya busar da baki da maƙogwaro. Mawaƙi kuwa da numfashi yake cin abinci. Tiramol da ake sha don a kwana ana aiki yana iya kayar da mutum da farfaɗiya ko da bai taɓa yin ta ba, musamman irin mai ƙarfin nan da ake sayarwa a bayan fage. Hayaƙi kowane iri yana kumbura tantanin murya, sannu a hankali saman muryar ya tafi, sai a koma dogaro da na'urar gyaran murya. Wiwi mai ƙarfi kuma, ga wanda ya fara da ƙuruciya ko yake da mai taɓin hankali a dangi, yana ƙara haɗarin ya fara jin muryoyi da zargin ana binsa da sharri.

Yanzu bari mu zo kanka, domin a tambayarka akwai kalmar da ta fi ɗaukar hankalina: kunya. Ina ganin ita ce ainihin ciwon, ba rashin basira ba. Baitukan da suka zubo naka ne, suna nan tun da, fargaba ce ta toshe musu hanya. Matsalar yin maganin fargaba da wiwi ita ce ƙwaƙwalwa tana koyon darasi mara kyau, wato ba za ka iya ba sai da shi. Jiki kuma yana sabawa, abin da ya ishe ka bana ba zai ishe ka baɗi ba. Wata rana sai ka wayi gari ba don waƙa ta yi daɗi kake sha ba, sai don ka iya buɗe baki kawai. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Tsoron makirifo yana da magani, kuma mafi yawansa ba ƙwaya ba ce. Sabo ne ke kashe shi, a hankali: ka rera a gaban mutum biyu, sannan biyar, sannan taron biki. Makaɗanmu na gargajiya sun san wannan tun tuni, shi ya sa yaro ke yin shekaru yana amshi a bayan ubangidansa kafin ya karɓi jagora. Musa Ɗanƙwairo ma a bayan mahaifinsa ya fara. Ka koyi jan numfashi daga ciki ba daga ƙirji ba, ka ɗumama murya kafin ɗauka, ka samu barci. Idan za ka rubuta waƙa, ka raba aikin gida biyu: zaman farko ka zuba duk abin da ya zo ba tare da gogewa ba, gyara sai washegari. Wannan sakin jikin da wiwi ke ba ka aro, haka ake mallakarsa. Idan kuma fargabar ta kai ga hana ka barci ko shiga mutane, ko kana fama da baƙin ciki mai daɗewa, to ka ga likitan ƙwaƙwalwa, ana warkewa.

Ga wani gwaji da ba sai ka sha komai ba. Ka duba cikin wayarka, na tabbata akwai waƙoƙin da ka ɗauka a buge da waɗanda ka ɗauka garau. Ka zaɓi uku-uku, ka cire musu suna, ka tura wa wani gwani da ba ya cikin abokan shan, kada ka gaya masa komai. Ka ce ya nuna maka inda murya ta kauce, inda baiti ya makara, inda kalma ta maimaitu ba dalili.

Game da dainawa, idan wiwi ne kaɗai kuma jefi-jefi, za ka iya barinsa yau. Mai yiwuwa ka yi mako ɗaya ko biyu da ƙarancin barci da saurin fushi, waƙa ma ta ƙi zuwa na ɗan lokaci. Kada wannan ya ruɗe ka, ƙwaƙwalwa ce ke komawa saitinta. Amma ka isar wa abokanka wannan: wanda ya daɗe yana shan ƙwayoyin sa barci irin su roci da diyazefam, ko barasa, kullum, kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai, domin hakan na iya kawo jijjiga har da rasa rai. Mai kodin da tiramol ma ya fi samun sauƙi a hannun likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau nan kusa da kai, akwai sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da kuma Maiduguri. Abin da ka faɗa wa likita sirri ne tsakaninku. Idan ka yi gwajin waƙoƙin nan shida, don Allah ka sake rubuto mini abin da gwanin ya ce.